Kunnen Inna

Ni ce 'yar farin Inna, saboda haka tun ina ƙarama na saba da in yi magana ba a amsa mini ba. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Buji ya san wannan kunyar. Uwa ba ta sakin jiki da ɗan fari, ba ta zama hira da shi, in ya yi mata magana a gaban mutane sai ta kau da kai kamar da wata ake. In na ce, "Inna, in ɗora tukunya?" sai ta dubi ƙanena ta ce, "Ka ce mata ta ɗora," alhali ga ni tsaye a gabanta. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙiyayya ba. Haka na tarar, haka na girma, haka aka kai ni ɗakin miji a Takur cikin Dutse, na haihu, har furfura ta fara leƙo mini, Inna tana nan da kunyarta.

Na fara da wannan ne don a gane yadda mahaifiyata ta zauna da mataccen kunne a cikin gidana, a ɗakin da ke kallon nawa, ina kai mata abinci safe da yamma, amma ban sani ba.

Bayan kaka ne, an gama sussuka an zuba gero a rumbu, ƙanena ya bugo mini waya ya ce Inna na fama da zazzaɓi. Shi yake zaune da ita a ƙauye tun rasuwar mahaifinmu. Mutum ne mai sanyin jiki, in ka aike shi kiran mai kashe gobara sai ya tsaya gaisawa da mutane a hanya. Na ce an ba ta magani? Ya ce an kai ta kemis, an yi mata allurar maleriya. Bayan 'yan kwanaki na sake kira, ya ce yanzu kuma an ce taifot ne, an canja magani. Sai da na matsa masa da tambaya sannan ya ce ai ko kunu ma ba ya wuce mata a maƙogwaro, fuskarta ta kumbura, ga amai. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Sai ta mutu za ka gaya mini? Ka sa ta a mota yau ɗin nan, in ba haka ba wallahi in na zo ba za ka ji da daɗi ba."

Da la'asar adaidaita ta sauke su a ƙofar asibiti, ina can ina jira. Da ƙyar na gane ta. Idanunta sun yi ja, fuska ta cika, leɓe ya tsattsage. Na ce, "Sannu, Inna." Ta dubi ƙanena ta ce masa, "Me ya sa ka tayar mata da hankali?" A lokacin tana ji sarai.

Likitan da ya duba ta ba yaro ba ne, ba kuma tsoho ba, siriri mai gilashi, Hausarsa ta mutanen Haɗeja. Ya haska maƙogwaronta, ya taɓa wuyanta, ya tambayi magungunan da ta sha, sai na ga ya ja baya kaɗan ya sa safar hannu ta biyu a kan ta farko. Ya ce, "Akwai ɓeraye a gidan?"

Na ce, "Haba, Likita! Ka taɓa ganin gidan manomi da babu ɓera? Ka duba mara lafiya mana, ka bar zancen ɓera."

Bai ji haushi ba. Ya juya wajen ƙanena ya tambaye shi ko ana shanya gari a ƙasa, ko abinci yana kwana a buɗe, ko wa yake share rumbu. Ƙanena ya ce Inna ce da kanta take shiga ta share kafin a zuba sabon hatsi, ba ta yarda wani ya yi mata. Likita ya gyaɗa kai ya ce yana zargin zazzaɓin Lassa ne, wanda ake ɗauka daga fitsari da kashin wani irin ɓera. Na sha jin sunan a rediyo, amma ni a wajena ciwon mutanen nesa ne, ban taɓa kawo shi kusa da rumbun Inna ba.

Nan take aka killace ta a wani ɗaki can ƙarshen asibitin. Aka ɗebi jininta aka ce sai an aika da shi wani gari mai nisa a gwada, don a nan ba a iya gwajin. Masu shiga wajenta kuwa sai sun lulluɓe daga kai har ƙafa, ido kaɗai kake gani ta bayan gilashi. Mu kuma aka hana mu shiga, aka ce a riƙa auna zafin jikinmu kullum, ni da ƙanena da duk wanda ya taɓa ta a ƙauye. Ta taga muke leƙenta. Tsohuwar da ko ɗankwalinta ba ta yarda ya zame a gaban surukinta, ga ta kwance ana juya ta, ga robar ƙarin ruwa a hannu. Na yi kuka a bakin tagar nan har mai gadi ya zo yana ba ni haƙuri.

Da sakamako ya dawo aka tabbatar Lassa ce, na tare likitan a gindin darbejiyar da ke bakin ɗakin. Ni mutum ce da in ban gane abu ba, ba na iya barci, kuma ba na barin wanda ya sani ya huta. Na ce masa gidan nan tukunya ɗaya ake ci, ƙanena da matarsa da 'ya'yansu, ɓeran ɗaya ne yake bi ta kan kwanukansu, me ya sa ita kaɗai? Ya ce wataƙila ba ita kaɗai ba ce. Da yawa sukan ɗauki cutar su yi ɗan zazzaɓi ya wuce, wasu ma ko ciwon kai ba sa yi, wasu kuma ta kayar da su har lahira. Na ce to me ke bambanta su? Ya ce, "Ba mu gama sani ba."

Na ce allurar da suke yi mata fa, tana kashe cutar? Ya ce ita suke da ita, kuma suna sa ran tana taimakawa in an fara da wuri, amma su kansu likitoci ba su gama yarda da juna ba a kan iyakar amfaninta. Na ce akwai riga-kafi in kai yarana a yi musu? Ya ce babu tukuna, ana dai nema. Raina ya ɓaci. Na ce, "To, Likita, me kuka sani? Duk karatun nan da kuka yi, abin da na tambaya sai ka ce ba ku sani ba?"

Ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga. Ya ce sun san ɓeran, sun san ƙwayar cutar, sun san yadda take bi daga mutum zuwa mutum ta jini da amai da sauran ruwan jiki, sun san yadda za su riƙe mara lafiya da ruwa da jini da kula da ƙodarsa har jikinsa ya yi ƙarfin kare kansa. Ya ce farkonta kuwa ba ta da bambanci da maleriya, shi ya sa kada in ga laifin ƙanena. Na ce ban tambaye shi wannan ba, na juya na tafi ko sallama ban yi masa ba.

Allah da ikonsa Inna ta tashi. Kumburin ya saɓe, zazzaɓin ya sauka, ta fara shan kunu, daga baya har tuwo mai laushi. Ranar da za a sallame ta likitan ya shigo da takunkuminsa a fuska, ya ɗan rusuna a gabanta kamar yadda ɗan mutunci yake yi wa babba. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin su. Yana cewa, "Inna, ina kwana? Ina gajiya? Ya ƙarfin jiki?" ita kuma kanta a sunkuye tana cewa, "Lafiya lau, lafiya lau, ba gajiya, da sauƙi, mun gode Allah." Kowace amsa ta faɗa a gurbinta. Ya yi mata bayanin a riƙa rufe abinci, a raba mata kwanonta na ɗan lokaci, ta huta sosai, tana ta cewa, "To, to, madalla." Ya juyo ya ce mini, "Hajiya, Innarku ta warke." Na yi masa godiya, har na ba shi haƙuri a kan maganganun da na gaya masa a gindin darbejiya.

Gaisuwarmu ai ba sai an saurara ake amsa ta ba. Kowa ya san abin da ke bin wani, kai kana faɗa, shi yana faɗa, murya na hawa kan murya. Wadda ta shekara sittin da ɗoriya tana gaisawa da mutane, in ta ga mutum ya rusuna ta san me ya ce, ta kuma san me za ta ce.

Na kawo ta gidana a Takur don ta ƙarasa murmurewa, na gyara mata ɗakin baƙi. Maƙwabta da farko tsoron shigowa suke yi, waɗanda suka daure suka zo dubiya sai su tsaya daga bakin ƙofa su gaishe ta, ta amsa musu tsaf, su yi addu'a ta shafa, su tafi. Ni kuwa in na shiga na ce, "Inna, ga abinci," ba ta ɗago ba, ai haka aka saba. In na ce, "Inna, za ki yi wanka in sa ruwa?" ta yi shiru tana kallon bango, sai in ce a raina, oho, ciwo ya tafi, kunya ta dawo, in je in sa ruwan. Wallahi har daɗi nake ji, don ina ganin alamar lafiya ce. Na lura ba ta neman rediyo, ita da ba ta rabuwa da shi a ƙauye, na ce gajiyar ciwo ce. Na lura in an kira salla ba ta motsawa sai ta hango ni da buta, na ce rashin ƙarfi ne. Yarana in sun dawo daga makaranta suka zagaye ta da surutu, murmushi kawai take yi tana shafa kawunansu.

Ana nan sai wata safiya ƙanena ya zo daga ƙauye ba tare da ya bugo waya ba. Tun daga yadda ya yi sallama na san ba lafiya ba. Ya ja ni gefe ya ce aminiyar Inna ce ta rasu, maƙwabciyarta da suka yi kusan shekarun aurensu duka suna daka a turmi ɗaya. Zazzaɓi ne, 'yan kwanaki kawai, an binne ta jiya, ba wanda ya gwada jininta balle a san wane iri ne. Muka tsaya muna shawarar ko a ɓoye mata, na ce ba a ɓoye mutuwa, gara ya shiga ya faɗa mata a hankali.

Muka shiga tare. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, sai haƙuri. Allah ya yi wa aminiyarki rasuwa, jiya aka kai ta."

Inna ta yi murmushi ta ce, "Madalla, madalla. Mun gode Allah."

Ƙanena ya ɗago ya dube ni, bakinsa a buɗe. Ya sake faɗa da ƙarfi, ta ce, "To, to, a gaishe su." Na zagaya ta bayanta na ɗauki murfin langar da na kawo mata kunu a ciki, na sake shi a kan siminti. Ƙarar ta sa ƙanena ya zabura, kajin maƙwabta ma sai da suka yi kuka. Inna ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Da ta ga fuskokinmu ta gane asirinta ya tonu. Ta dubi ƙanena, ba ni ba, ta ce tun kafin a fito da ita daga ɗakin nan na asibiti take jin wani ƙugi a kunnenta, sai ya zama kamar ta nutsa kai cikin randa, sai kuma komai ya ɗauke. Ta ce ta yi shiru ne don kada a mayar da ita wajen masu lulluɓin nan. Kuma har yanzu ba ta san abin da ya kawo ƙanena ba. Inna ba ta karanta boko, ba ta karanta ajami, ba yadda za a rubuta mata. Ƙanena ya tsaya yana ta nune-nune da hannu yana hawaye. Ya kwaikwayi daka, ya ɗaga yatsa biyu, ya nuna ta, ya nuna wajen da gidan matar yake kamar muna ƙauye, sannan ya kwantar da tafin hannunsa ya shafe shi da ɗaya. Na ga lokacin da abin ya isa gare ta. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, mu kuma muka zauna a ƙasa ba mai iya ba ta haƙuri.

Washegari na koma asibiti da ita, a fusace. Likitan ya tsaya a bayanta ya tafa hannu, ya kira ta ta dama, ya kira ta ta hagu, ya kaɗa wani ɗan ƙarfe ya ɗora mata a bayan kunne. Sannan ya ce wannan yana faruwa da wasu daga cikin waɗanda suka tashi daga Lassa, kuma sau da yawa yakan zo ne daidai lokacin da mutum ya fara samun sauƙi, lokacin da kowa ke murna. Ya ce ya tambaye ta ranar sallama ko akwai abin da ke damunta, ta ce masa mun gode Allah.

Na ce allurarku ce ta kashe mata kunne. Ya ce suna ganin haka har ga waɗanda ba a taɓa yi wa allurar ba, har ga waɗanda ciwon bai kwantar da su ba ma. Na ce to me ya kashe shi? Ya ce ko ƙwayar cutar ce da kanta ta taɓa jijiyar ji, ko kuma jikin ne garin yaƙi da cutar ya ɓata jijiyar, har yanzu ana bincike. Na ce, "Ni ba wannan ya dame ni ba. Zai dawo ko ba zai dawo ba?"

Ya ce, "Wasu yakan dawo musu a hankali cikin watanni, ko da ba duka ba. Wasu ba ya dawowa."

Na ce, "Ita fa?"

Ya ce, "Hajiya, da na sani da na gaya miki."

Gaskiya ya faɗa, amma a ranar na so a ce ƙarya ya yi mini. Na so ya buga ƙirji ya ce nan da azumi za ta ji, in riƙe wannan in tafi da shi gida. Ya rubuta mana wasu ƙwayoyi ya ce a gwada, bai yi alkawarin komai ba, ya kuma tura mu wajen likitocin kunne a Kano. Can ma aka sa mata wani abu a kai, aka yi ta danna na'ura ana jiran ta ɗaga hannu in ta ji, hannunta na kan cinyarta har aka gama. Amsar dai ita ce ta Dutse, sai dai ta fi tsawo.

Abin da ba mu yi ba kaɗan ne. An ɗiga mata man zaitun da na habbatussauda, an yi tofi, an kawo rubutu daga ƙauye ta sha, wata maƙwabciyata ta rantse mini iska ce ta shafe ta a asibiti, na ce mata ta fita mini daga gida da iskarta. Inna duk abin da aka kawo karɓa take yi, ta karkata kai a zuba, ba ta taɓa cewa a'a ba. Ni kuma na zama kamar mahaukaciya, in na wuce ta bayanta sai in yi tari, ko in buga ƙofa da gangan, ina satar kallonta. Da damina ta faɗi aka yi wata tsawa da rana tsaka, na ga ta waiga da sauri. Na yar da muciya na ruga ina cewa ta ji, ta ji! Ashe walƙiyar ta gani a jikin bango.

Na ci gaba da kai ta wajen likitan lokaci-lokaci. Kowane zuwa sai ya tsaya a bayanta ya tafa hannu, ni in zuba wa ƙeyarta ido. A zuwanmu na bayan girbi ya ce mini in watanni suka yi nisa haka, fatan yana raguwa, amma ko wannan ba zai yanke mini da wuƙa ba. Ban yi masa faɗa ba a ranar. Na gaji, shi ma na ga alamar ya gaji da faɗin kalmar nan ta "ban sani ba".

Wanda ba ya ji ba ya jin muryar kansa, wannan ma a gida na gano shi, ba wanda ya gaya mini. A hankali muryar Inna ta fara fin ƙarfinta. Ita da ko dariya ba a jiyo ta daga zaure, yanzu in ta ce a miƙo mata buta sai na waje ya ji. Ba mu nuna mata ba, don mun san in ta gane za ta daina magana gaba ɗaya.

Wata ranar bayan la'asar ina tsakar gida ina tankaɗe, ita tana kan dardumarta a bakin ƙofar ɗaki, ta ba ni baya. Ta idar da salla ta ɗaga hannu tana addu'a. Duk rayuwata leɓenta kawai nake gani yana motsi in tana addu'a, ban taɓa sanin me take roƙo ba. Ran nan a zatonta a ɓoye take yi, amma kowace kalma tana fitowa fili. Ta roƙa wa mahaifinmu gafara, ta roƙa wa aminiyarta. Sannan ta zo kan 'ya'yanta, ta fara da ni. Ta kama sunana, sunan yanka, wanda tun da ta haife ni ban taɓa ji a bakinta ba, ta ce Allah ya ba ni lafiya, ya sanyaya mini zuciya, ya saka mini da alheri. Ta sake maimaita sunan.

Rariyar ta suɓuce daga hannuna. Na ce, "Na'am, Inna." Na tashi da gari a hannuna na matsa kusa da ita har ina jin ƙamshin man da ke kunnenta, na ce da iyakar ƙarfina, "Na'am!"

Ta wuce kan sunan ƙanena, ta ci gaba da addu'arta.